Idanun Imo

Toowoomba, Ostareliya
Maris

Zuwa ga Imo Geumsil,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Ina fata sanyi ya sake ki, gwiwar nan ta hagu kuma ta daina ƙorafi a kan matakala. Yaya mutanen Tongyeong? Yaya Inna Pilnam da teburin kifinta? Ki gaishe ta, ki ce har yanzu ban ci kifin da ya kama ƙafar nata ba. Ni da mijina Callum muna lafiya. Ku kuna fita daga sanyi, mu muna shirin shiga. Aiki a gidan kula da tsofaffi yana nan yadda kika sani, ƙafa ba ta hutawa.

Ki nemi wuri ki zauna kafin ki ci gaba. Ina da ciki, Imo. Likita ta ce haihuwar a watan Satumba ce. Na danne bakina a waya har sau biyu, don ke kika koya mini cewa labarin kirki a takarda ake ba da shi, yadda za a ninke a ajiye a sake dubawa.

Sai magana ta biyu. A ƙarshen Oktoba za ki cika saba'in. Na san za ki ce ba kya son komai, kamar kowace shekara, amma bana ba zan yarda ba. Tun ina shekara shida da Omma, mahaifiyata, ta rasu kika ɗauke ni, ba ki taɓa roƙona ko safa ba. Ki faɗi abu ɗaya da ranki ke so. Ko mene ne.

Kuma don Allah ki aiko mini da sabon hoto, ba hula, ba baƙin tabarau. Hotunanki na shekarun nan duk kamar mai gudun 'yan sanda. Kin san dalilina. Ke da Omma tagwaye ne, in na kalle ki sai in ga yadda za ta kasance da ta rayu. Bana ku biyu ne za ku cika saba'in a wurina.

Taki,
Narae

*

Tongyeong
Afrilu

Narae tawa,

Wasiƙarki ta iso, ta same ni lafiya. Gwiwa tana nan da halinta, mun saba da juna. Ban zauna ba. A tsaye na karanta a bakin akwatin wasiƙu, na buga ihun da ya fito da mai gadin gidanmu da takalmi ƙafa ɗaya. Na ce masa zan zama kaka. Ya dube ni ya ce, "Malama, ai kin daɗe da zama." Ban kula shi ba.

Ki riƙa cin abinci mai ɗumi. Ki daina ɗaga tsofaffin nan ke kaɗai, ki kira wani ya kama miki. Na riga na sa a ajiye mini busasshen ganyen teku mai kyau na miyar jego, dogo, wanda ba a karya ba. Ki gaya wa Callum ya fara koyon dafa shi tun yanzu, ba ranar da kike kwance zai tsaya yana karanta bayan leda ba. Rubutunki ya ƙara kyau. Kuskure biyu kawai na samu, ban kuma ɗauko jan biro ba, saboda jikata.

To, kin ce in faɗi abu ɗaya. Zan faɗa, amma kada ki yi dariya sai kin kai ƙarshe.

Kin san tun da na ajiye alli nake zuwa makarantar ƙananan yara da ke bayan kasuwa, ina ba su labari ranar Talata da Alhamis. Wannan ne gishirin makona. Sai dai fatar idona ta sama ta sauko, Narae, kamar ƙofar shagon da aka ja rabi za a tashi. Rabin duniya na sama ya ɓace mini. In zan duba littafi sai na ɗaga gira, in zan duba yara sai na ɗaga haɓa kamar mai girman kai. Goshina ya zama kunya-kunya kamar gonar dankali. Da yamma kai ya yi ta sara, gefen ido kullum a jiƙe, ya yi ja yana zafi. Dalilin hula da tabarau ke nan.

Wannan duk da sauƙi. Ran nan ina tsakiyar labari, wata yarinya mai suna Yerin ta fashe da kuka. Malamarsu ta tambaye ta, ta ce, "Kaka tana fushi da ni." Ni kuwa murmushi nake yi mata! Na yi shekara kusan arba'in a gaban aji, yaro bai taɓa jin tsoron fuskata ba, ko ranar jarrabawa.

Pilnam ta ba ni wani siririn salatif da 'yan mata ke mannawa su ɗage fatar ido. Na manna, na tafi ina jin kaina. Ina ba da labari, daidai inda damisa ta buga ƙofar tsohuwa, sai na hagu ya ɓalle ya rataye a gashin ido yana lilo. Wani ya yi ihu, "Idon Kaka yana ɓarewa!" Ajin ya watse. Har yau ba su san yadda damisa ta ƙare ba.

Ita Pilnam ɗanta ya kai ta asibiti a birnin Busan bara, aka rage mata fatar. Abin da ake yayi ke nan yanzu, 'ya'ya su kai iyaye, a ce kyautar biyayya. Kullum sai ta tsokane ni.

"Malama, kin ƙare rayuwarki kina cewa yara su buɗe ido su dubi allo, ga naki a rufe."

Na ce, "Ke kuma naki sun buɗe kamar wadda aka taka wa ƙafa."

Ta ce, "Na gode. Yanzu tun daga bakin kasuwa nake hango mai zuwa neman ragi. Ke fa, jiya kin gaishe da sandar wuta."

Ƙarya take yi, amma ba da nisa ba.

Aikin idon nan shi nake so. Ba maganar kuɗi nake yi ba, fanshona ya isa. Amma kin san matan gidan wanka na unguwa. Tsohuwar da ta kai kanta, sai a fara raɗa, wa take yi wa kwalliya, wane tsoho ta gano a wurin rawa. Wadda 'ya'yanta suka kai ta kuwa, sai a ce ta yi dace. So nake in an tambaye ni in ce Narae ce ta yi mini. Ki ce "je ki" kawai, ya zama daga hannunki ya fito.

Yanzu kina iya dariyar.

Imonki

*

Toowoomba
Ƙarshen Afrilu

Imo,

Ina gaisuwa. Muna lafiya, tashin zuciya ya ragu, sai kwaɗayin kawa, naman ƙwanson tekun nan, irin ta gida wadda aka hana ni ci ɗanya. Callum ya gwada miyar ganyen teku. Ya zuba mata madara. Kada ki tambaye ni dalili.

Na yi dariyar salatif har hawaye. Amma da na kai ƙarshen wasiƙar dariyar ta tsaya, na kwana biyu ina juya abin a raina.

Imo, ki yi haƙuri, ba zan iya cewa "je ki" ba.

Zan iya kawo miki dalilan ma'aikaciyar jinya: kina shan maganin hawan jini, wuƙa wuƙa ce komai ƙanƙantarta, wasu ido ya bushe musu bayan aiki, wasu ba ya rufuwa da kyau in suna barci. Duk gaskiya ne. Amma ke kika raine ni, za ki gane ba shi ne ainihin abin ba.

Na ga matan da aka yi wa. Wata a wurin aikinmu ta je hutu gida ta dawo, na wuce ta a baranda ban gane ta ba. Kyau ta yi, amma wata ce daban. Ita ma Inna Pilnam, da kika aiko hoton bikin jikarta, sai da na duba rigar kafin na yarda ita ce.

Ba ni da muryar Omma a kaina, ta ɓace tuntuni. Hotunanta sun tsaya tana da shekara arba'in. Abin da ya rage mini nata mai motsi, mai tsufa, mai dariya, yana fuskarki. Fuskar nan ba taki ba ce ke kaɗai, Imo. Ajiya ce. Ina so abin da zan haifa ya buɗe ido ya ga kakarsa yadda take, ba yadda wani likita ya ga dama ba.

Ki zaɓi wani abu. Kujerar tausa irin wadda kike tsayawa kallo a kanti. Sabon tabarau mai kyau. Ko ki zo nan ki yi wata uku, mu kai ki bakin teku. Yaran kuma za su saba, yara ba sa riƙe abu.

Kada ki yi fushi da ni.

Narae

*

Toowoomba
Yuni

Imo,

Ina fata kina lafiya. Mu lafiya lau, cikin ya fito sosai, an ce mace ce. Tana harbi kamar mai neman hanyar fita ta haƙarƙari.

Ganyen teku ya iso, dogo kamar yadda kika ce, sai da mai kawo saƙo ya tambayi ko sandar kamun kifi ce. Na zazzage kwalin, na duba har cikin takardar naɗi. Babu wasiƙa.

In na kira ki, sai ki tambaye ni me na ci, ki ce ana ruwa, ki ce tukunya tana kan wuta. Tukunyar nan ta yi wata biyu a kan wuta, Imo. Tun da na bar gida ba ki taɓa barin wasiƙata ba amsa ba, ko lokacin da aka ɗaure miki hannu da hagu kika rubuto.

In faɗa za ki yi mini, ki yi. Ki ɗauko jan biron. Shirun ne ba na iya ɗauka.

Narae

*

Tongyeong
Yuli

Narae tawa,

Lafiyata ƙalau, kada ki sa damuwa a kan ciki. Damina ta sauka, wanki ba ya bushewa, gwiwa tana sanar da ruwa kafin rediyo. Na ji daɗin jin mace ce. Ki bar ta ta yi harbinta, haka kika yi wa uwarki.

Ba fushi na yi ba. Na zauna zan amsa miki sau da yawa, sai in ga ban san da bakin wa zan amsa ba.

Gaskiya kika faɗa, ajiya ce. Na san haka tun ranar da muka dawo daga binne uwarki Eunsil, kika shigo ɗaki kika gan ni kika tsaya cak. A makon na je aka yanke mini gashi yadda take yin nata, don kada ki farka da safe ki ga baƙuwa. Haka na bar shi har yau. Duk ranar tunawa da ita, dangi su zo su kalle ni su yi kuka, ni kuma in zuba musu miya. Ban taɓa jin nauyin abin ba, ki yarda da ni. Eunsil rabina ce tun kafin a haife mu. Kawai dai na ɗauka cewa bayan shekarun nan wani ɗan gefe na fuskar ya zama nawa. Kin ce kina so jaririya ta ga kakarta. To, zan ajiye mata ita yadda take. An rufe maganar Busan.

Na gaya wa shugabar makaranta ta nemi wata mai ba da labari in aka dawo hutu. Ba saboda ke ba ne. Makon jiya ina karatu, wani yaro ya hau kan teburin da ke gabana, ya miƙe tsaye, ya faɗo. Ƙulu kawai ya yi a goshi, kafin a tashi har ya manta. Amma a gabana yake, Narae, taku biyu, ban gan shi ba, don yana sama da inda idona ke kaiwa. Wadda ba ta ganin yaro ba ta da hurumin zama a gaban yara. Ni na sha faɗa wa sababbin malamai haka, ba zan canza dokar don ta zo kaina ba.

Kin nemi hoto ba hula ba tabarau, ga shi. Wani mai hoto ya zo zauren tsofaffi na unguwa yana ɗaukar mana hoton tsawon rai, kin san shi, wanda za a kafa a gaban baƙi ranar jana'iza. Kada gabanki ya faɗi, kowa ya ɗauka, an ce mai yin sa da wuri shi ke daɗewa. Na sa rigata mai ruwan hoda. Yaron ya leƙa na'urarsa ya ce, "Kaka, a buɗe ido."

Na ce, "A buɗe suke."

"A ɗan ƙara kaɗan."

Pilnam tana bayansa a layi, ta ce, "Iyakar gudunta ke nan, ɗan nan. Danna kawai, kifina yana jira."

Da ya gama ya ce zai iya gyara mini idon a kwamfuta, ba wanda zai gane. Na ce ya bar shi, ba nawa ba ne ni kaɗai.

Ki ci abinci. Ki riƙa ɗora ƙafa a kan matashi in kin dawo aiki.

Imonki

*

Toowoomba
Agusta

Imo, Imona,

Lafiya muke. Na fara hutun haihuwa, ƙafafuna sun zama kamar burodi. Wannan ke nan game da lafiya, don ba zan iya jan gaisuwa yau ba.

Na buɗe hoton a kan teburin kicin. Na daɗe ina kallo. Omma nake nema kamar kullum, ban same ta ba. Sai na nemi ke, ke ma ban same ki ba. Wata tsohuwa na gani da ta gaji, tana ƙoƙarin leƙo ni ta ƙarƙashin ƙofa. Ni da nake wanke fuskokin tsofaffi kowace safiya, na san abin da wannan jan na gefen ido yake nufi, na san irin zafinsa. Da wata ce a wurin aikinmu, da tuni na rubuta a kai ta a duba ta. Ke kuwa na ce ki sayi kujerar tausa.

Na ɗauko akwatin hotunan da na taho da shi. Na zauna a ƙasa, Callum ya yi ta kawo shayi yana komawa da shi. Na ce bari in tuna idon Omma da kaina, ba da hoto ba. Na tuna idanun da suka sunkuyo kaina lokacin da na yi ƙyanda. Na lissafa, ina aji biyu, Omma ta riga ta tafi. Na tuna idanun da suka harare ni ta tagar aji ranar da na yanke wa yarinyar gabana kitso. Naki ne. Na tuna waɗanda suka ƙi yin kuka a filin jirgi har na juya baya, na waigo na kama su. Duk inda na taɓa, ke ce. Shekara da shekaru ina cewa ina ganin Omma a fuskarki, ashe ke nake gani ina kiran sunanta.

Da na rubuta cewa jaririya ta ga kakarta, ke kika karanta Eunsil. Ba zan ce kin yi kuskure gaba ɗaya ba, don ni ma a lokacin ban raba ku ba. Yanzu na raba. Kaka ɗaya yarinyar nan za ta sani, wadda za ta goya ta, ta ba ta labarin damisa har ƙarshe. Kuma ina so kakar ta gan ta in ta hau tebur, don jinina ce, za ta hau.

Je ki, Imo. Daga hannuna ya fito. Ki gaya wa duk matan gidan wanka, ki fara da mai bakin nan da ke zama kusa da famfo.

An ce mutane suna kai wa likita hoton 'yan fim su ce irin wannan ido suke so. Ga wanda za ki kai. Ranar wasannin makarantarmu ne, tseren iyaye, kin ɗaure siket a ƙugu kin cire takalmi, kina gaba da uwar kowa. Omma ba ta kai waɗannan shekarun ba, ba ta taɓa yin wannan fuskar ba. Idanun wannan matar nake so a dawo mini da su. Kada a ƙara wa fatar ido ninki, kada a faɗaɗa, a ɗage labule kawai.

Yanzu ma'aikaciyar jinya ce ke magana. Ki nemi likitar da ta saba da tsofaffi, ba mai manyan alluna a tashar jirgin ƙasa ba. Ki nuna mata duk magungunanki. Ki jira zafi ya sauka. Ki tafi da Inna Pilnam, ko da za ta cika ki da surutu. Kuma gobe ki koma wurin shugabar makaranta ki ce hutu kike nema, ba sallama ba.

Gashin ma naki ne. Ki yi masa abin da kika ga dama.

Taki,
Narae

*

Tongyeong
Oktoba

Narae tawa, uwar Dami,

Sannu da arziki, sannu da ƙoƙari. Na faɗa a waya, amma rabinsa kuka ne, bari in faɗa a takarda yadda za ki ninke. Ina fata ɗinki yana warkewa, nono ya zo, Callum kuma ya ɓoye madarar nan. Ni lafiya lau. Gwiwa ma ta yi shiru, ina jin kishi take yi, an daina maganarta.

An yi, Narae. Bayan bikin girbi muka hau mota zuwa Busan ni da Pilnam. Ɗakin jira cike, gefe ɗaya 'yan mata da huluna, ɗaya gefen mu, kowace tsohuwa da ɗa ko 'ya a kusa yana riƙe mata jaka. Ni na riƙe hoton da kika aiko a cinya. Likitar mace ce, ba ta girme ki ba. Na miƙa mata, ta duba ta ce, "Wace 'yar wasa ce wannan?"

Na ce, "Ni ce. Na zo na ɗaya."

Ta ɗaga mini gira da yatsa, ta saki, ta sake ɗagawa, tana kallon hoton. Ta ce to ba za ta taɓa fatar idon kanta ba, a ƙarƙashin gira za ta rage, tabon ya ɓuya a gindin gashi, siffar ido ta tsaya yadda aka haife ni da ita. Ina farke aka yi. Allurar farko ce kawai ta sa na ambaci sunan kakanmu. Sauran kuwa hira muka yi, har na gano ba ta karanta wa ɗanta littafi kafin barci, na yi mata faɗa ina kwance.

Kwanakin farko kada ki so ki gani. Na kumbura, na yi shuɗi, na yi ɗorawa. Pilnam ta zo da kwalin ruwan kabewa na sauke kumburi, ta tsaya a ƙofa ta ce, "Malama, faɗi gaskiya, wa ya rama dukan da kika yi masa a aji uku?" Na ce ta ajiye ta fita. Ba ta fita ba, ta yi mako tana dafa mini abinci tana zagin tukwanena. Ruwan kabewar nan shi ake ba masu jego, ke ma ki nema. Ni da ke abinci ɗaya muke sha.

Kin san abin da na fara gani da aka cire zare? Ba teku ba, ba sama ba. Saman kabad ɗin kicin. Ƙura da yanar gizo na shekaru, mutane suna shigowa suna fita ba wanda ya gaya mini. Na hau kujera na goge, ina gogewa ina dariya ni kaɗai.

Daga baya na tsaya a madubi na nemi Eunsil. Tana nan, ba inda ta je. Ga bakinta, ga hancin babanmu. Na ce mata, "Ki yi haƙuri, na ɗan taɓa kayanmu." Na san amsarta. Da tana raye da ta riga ni zuwa Busan, ita ce mai son madubi a cikinmu. Gashi kuma na sa an rage shi sosai, na daina rini. Fari fat. Mai gadi ya yi mini gaisuwar baƙi.

Na koma makaranta ranar Talata. Yerin ta zo ta tsaya a gabana, ta ɗaga kai ta yi ta bincike kamar mai sayen kifi. Sai ta juya ta sanar wa aji, "Kaka ta huce." Na gan su duka, har na bayan nan mai cin maɓallin rigarsa. Mun ƙarasa labarin damisa.

A gidan wanka kuwa mai bakin nan ta kusa da famfo ba ta bari na ajiye bokiti ba. "Oho, Malama! Wa ya kai ki?"

Na shirya amsa tun a hanya, zan ce 'yar 'yar'uwata da ke Ostareliya. Da na buɗe baki sai na ji na ce, "'Yata." Pilnam tana gefe tana cuɗa ƙafa. Matar da ba ta taɓa barin kuskurena ya wuce ba, ba ta ɗago kai ba. In kin ga a gyara, ga jan biro, ki gyara.

Hoton Dami yana jingine a gabana. Fuska jajir, ido a kumbure a rufe gam, goshi a murtuke. Sak ni a makon farko. Ki gaya mata kada ta damu, yana sauka. Hoton tsawon rai kuma na sa shi a ƙasan akwati, sai na dawo a sake wani.

Jirgina zai sauka ana gobe ranar haihuwarmu ni da Eunsil. Kada ki dafa komai, miya ɗaya za ta ishe mu, ta jego da ta ranar haihuwa duk ganye ɗaya ne. Ki tsaya daga nesa a filin jirgi, kada ki ɗaga hannu, kada ki kira. Ki bar ni in hango ku da kaina.

Imonki,
kakar Dami